Tun ran gini, tun ran zane: takardu biyu da ke raba gardamar gidaje a Yamai

Kowace damina, da zarar ruwan Agusta ya kankama, gardama iri biyu kan tashi a unguwannin Yamai. Ta farko tsakanin mai gina bene da maƙwabcinsa wanda bangonsa ya tsage. Ta biyu tsakanin wanda ya sayi gida da wanda ya sayar masa, bayan fenti ya ɓare ya tona abin da ke ƙarƙashinsa. Kowace daga cikinsu tana da takardar da ke maganinta, amma jama'a da dama ba su san da su ba, waɗanda suka ji labarinsu kuwa sukan ɗauki wannan a madadin waccan.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ya sayi tsohon gidan ƙasa a Bukoki ko a Kalle, ya rushe shi, ya ɗauko ma'aikata su tona harsashin bene mai hawa 3, ƙasa shaguna, sama ɗakunan haya. Ramin ya bi jikin katangar maƙwabci, wani dattijo da ya yi ritaya. Bayan wata 2, dattijon ya wayi gari ya tarar da tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta nufi rufi. Ya ce ginin ne ya jawo masa. Mai gini ya ce tsagar ta girmi aikinsa, tun zamanin mahaifin mai gidan take nan. Kowa ya rantse, kowa ya kawo shaidu, kuma ba lalle ne a samu maƙaryaci a cikinsu ba, domin babu wanda ya tsaya ya dubi bangon da kyau kafin a sa diga a ƙasa.

Ga kuma ma'aikacin gwamnati da ya yi shekara 20 yana zaman haya, ya karɓi bashin banki wanda za a riƙa cirewa daga albashinsa. Dillali ya kai shi wani gida a watan Maris, ƙasa a bushe, bango fari fat, ƙamshin fenti bai gama fita ba. Aka yi ciniki, aka biya la'ada, aka raba goro. Da ruwan farko ya sauka sai dal ta fara ɗiga a kan gado, gindin bango ya kumbura, tsakar gida ta zama tabki. Wanda ya sayar ya ce ai an nuna masa gida, ya gani da idonsa, ya ce ya yi masa.

Birni na hawa sama, yana kuma shiga ƙwari

Yamai ta zama babban birnin ƙasa a 1926, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka ɗauke mazaunin mulki daga Damagaram. A ƙidayar 1988 mutanenta ba su cika 400.000 ba, a ta 2012 sun zarce miliyan ɗaya. Wannan yawan jama'a ya tura birnin hanya biyu. A tsofaffin unguwanni na kusa da Babbar Kasuwa, irin su Kalle, Lakurusu, Zongo da Bukoki, fili ya yi tsada, saboda haka ana rushe gidajen laka ana tayar da benaye a tsakanin waɗanda suka rage. A gefen gari kuma an yanka filaye ba adadi, har ma a farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya wasu ma'aikata bashin albashinsu da filaye. Wasu daga cikin filayen gefen gari sun faɗa kan hanyar ruwa, ko cikin ƙwari, ko a bakin kogi.

Haka kuma manyan ayyukan hukuma sun ratsa cikin unguwanni: gadar sama ta Mali Bero a 2013, ta shataletalen Shahidai a 2016, ta Diori Hamani a 2018, gine-ginen taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019, da gada ta uku bisa kogin Kwara, mai sunan Janar Seyni Kountché, a 2021. Duk inda katafila da motar daɓe suka yi watanni suna aiki, akwai gidajen da ke jin girgizarsu. Abin da ya biyo baya shi ne yawan tona kusa da bangon wani, da yawan cinikin gidajen da ba a san yadda aka gina su ba.

Takarda ta farko: shaida kafin a tona

Takarda ta farko ita ce wadda ake kira konsta, wato rubuta halin da wuri ke ciki a wata rana ƙayyadadda. Mai yin ta shi ne wisiye, ma'aikacin shari'a mai rantsuwa, wanda jama'a suka fi sani da kai sammaci da kama kayan mai bashi. Mai niyyar gini ne ke kiran sa, shi ne kuma ke biyan sa, tun kafin a sauke tifar yashi ta farko.

Wisiye yakan zo da na'urar ɗaukar hoto da ma'auni, ya bi gidajen da ke jingine da filin ɗaya bayan ɗaya, da izinin masu su. Yakan rubuta kowace tsaga: a wane bango take, daga ina ta tashi, ina ta tsaya, tsawonta nawa, faɗinta nawa. Yakan rubuta ƙofar da ba ta rufuwa daidai, da daɓen da ya lotsa, da tabon danshi a gindin bango, da katangar da ta karkata. Yakan duba har hanyar da ke gaban filin, da magudanar ruwa, da turakun wutar NIGELEC, domin manyan motocin shantiye su ma suna ɓarna. A ƙarshe ya sa rana da sa'a, ya buga hatimi, ya ajiye asalin takardar a ofishinsa.

Abin lura shi ne wisiye ba ya faɗin dalili. Ba aikinsa ba ne ya ce wannan tsaga daga harsashi take, ko ginin zai yi shekara nawa nan gaba. Abin da idonsa ya gani kaɗai yake rubutawa. Amfanin takardar yana bayyana ne daga baya, ranar da aka yi ƙorafi: sai a koma a sake dubawa, a gwama da abin da aka rubuta. Tsagar da ke cikin takarda, kuma ba ta ƙaru ba, ba ta hau kan mai gini. Wadda babu ita a takarda, ko wadda ta buɗe daga milimita 1 zuwa 5, ita ce zai yi bayani a kanta. Ke nan takardar tana kare ɓangare biyu: tana hana a ɗora wa mai gini gyaran tsohuwar ɓarna, tana kuma hana shi musun sabuwa.

Idan aikin babba ne, ko maƙwabci ya ƙi buɗe ƙofa, mai gini na iya zuwa gaban shugaban kotu ya nemi a naɗa masani, injiniya ko mai zanen gini, wanda zai yi binciken a gaban kowane ɓangare. Rahoton da aka yi kowa na tsaye ya fi wuyar musantawa bisa wanda aka yi a bayan idon wani. Ko hukuma ma, idan za ta karɓi gidajen mutane don aikin amfanin jama'a, bisa dokar 1961 wadda aka gyara a 2008, sai an fara ƙidaya abin da ke wurin an rubuta kafin a yi maganar diyya.

Yadda gini ke cutar da na kusa da shi

Ruwa ba ya tsami banza. Yawancin gidajen laka, da waɗanda aka yi wa rigar siminti a waje, harsashinsu bai da zurfi. Idan aka tona ramin da ya fi shi zurfi a jikinsa ba tare da tokare ƙasa ba, ƙasar da ke ɗauke da bangon sai ta zame zuwa cikin ramin, musamman a wuri mai yashi. Idan ramin ya kwana da ruwan sama, sai gindin bangon ya jiƙe ya saki. Nauyin bene kansa yana danne ƙasa, ya ja ta gefensa ta sauka tare da shi. Ga kuma ciko: mai sabon gini yakan zuba jar ƙasa ya ɗaga filinsa sama da na kowa, ruwan da ya saba wucewa ta nan sai ya juya ya shiga gidan da ya fi ƙasa.

Kundin dokokin zaman jama'a da Nijar ta gada daga Faransa ya yi magana a kan duk waɗannan. Aya ta 1382 ta wajabta wa duk wanda ya jawo wa wani hasara da laifinsa ya biya. Aya ta 681 ta hana mutum ya juya indararonsa cikin gidan maƙwabci. Ruwan rufinsa ya zuba a filinsa ko a kan hanya. Aya ta 640 ta ce na ƙasa ya haƙura da ruwan da ke gangarowa bisa ɗabi'a, amma na sama ba shi da ikon ƙara masa nauyi da aikin hannunsa. Aya ta 674 ta yi maganar tazarar da ake bari kafin a haƙa rijiya ko shadda kusa da bango. Sai dai a gaban alƙali, wanda ya kawo ƙara shi ke kawo hujja, kuma hujjar da ake nema ita ce yadda bangon yake kafin aiki. Nan ne maganar baki ke gazawa.

Izinin gini da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bai ɗauke wa kowa wannan nauyi ba. Dokar tsarin birane ta 2017 da dokar gini da mazauni ta 2018 sun shimfiɗa ƙa'idojin yadda ake gini, amma takardar izini tana duba ginin da za a yi ne, ba ta ajiye wa kowa hoton bangon maƙwabci.

Takarda ta biyu: bincike kafin a biya

Takarda ta biyu ita ce rahoton masani a kan gidan da ake son saye. Mai saye ne ke neman ta, shi ke biya, kuma shi kaɗai take yi wa aiki. Mai yin ta injiniyan gini ne, ko mai zanen gini, ko ofishin binciken gine-gine, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa ko da dillali. A nan ra'ayin masani ake saye: mene ne ya lalace, me ya lalata shi, shin zai ƙaru, gyaransa zai ci nawa, kuma gidan ya cancanci kuɗin da aka sa masa ko bai cancanta ba.

Masani yakan fara daga waje. Yakan dubi gangaren unguwar, ya gane inda ruwa ke bi, ya gwama tsayin daɓen gidan da na hanya. Gidan da ake sauka cikinsa daga titi ya riga ya faɗi rabin labarinsa. Sa'an nan ya bi gindin bango yana ƙwanƙwasawa: yaɓen da ya rabu da bango yana ƙara kamar ƙwarya. Farin gishirin da ke fitowa a gindin bango alama ce ta danshin da ke hawa daga ƙasa. Layin da ya zagaye ɗakuna a tsayi ɗaya, ko sabon fentin da aka yi wa rabin bango na ƙasa kaɗai, yana nuna inda ruwa ya taɓa tsayawa.

Tsaga ma iri-iri ce. Siririya mai kama da yanar gizo a kan yaɓe, yawanci ta bushewar siminti ce, ba ta da haɗari. Wadda ta bi layin bulo tana hawa kamar matakala, ko ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa, ko ta ratsa bango har ana ganin ta ciki da waje, wannan tana nuna harsashi ya motsa. Idan ta wuce milimita 2, ba a yi mata sakaci. Domin a san ko tana ci gaba, akan manna ɗan farin siminti a gicciye a kanta, a rubuta rana; in ya karye bayan makonni, ginin bai gama motsi ba.

Daga nan sai dal da ginshiƙai. A ƙa'ida, kankaren da ke ɗaukar nauyi yana cin kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7, kuma sai ya yi kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Gidan da aka gina don sayarwa, sau da yawa an matse siminti an rage ƙarfe. Tabon tsatsa a ƙarƙashin dal, ko kankaren da ya fashe ƙarfe ya leƙo, yana nuna ruwa ya kai ga ƙarfen. Ƙarfe kuwa in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya ƙara fasa abin da ke kewaye da shi. Akwai guduma ta musamman da ake auna taurin kankare da ita, kuma in ana shakka ana iya yanko ɗan guntu a kai ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa na ayyukan hanyoyi da gine-gine, LNTP/B, inda ake gwada ƙasa da kayan gini. Wannan ya zama tilas ga wanda ke da niyyar ɗora hawa a kan gidan, domin ƙarafan da aka bari tsaye a kan rufi ba su ne ke tabbatar da cewa harsashin zai ɗauka ba.

Sauran abin dubawa su ne katakon rufi da azara, ko gara ta ci su. Wayoyin wuta, ko sun yi siriri ga na'urar sanyaya ɗaki. Bututun ruwa, ko yana yoyo cikin bango. Da shadda, inda take da nisanta daga harsashi da rijiya.

Kogi na da ranarsa

A Yamai, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ta ruwa. Kogin Kwara yana cika sau biyu a shekara a nan: jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafukan Sirba, Dargol da Gorwal ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso, da ruwan da ke isowa daga tsaunukan Gini a cikin sanyi. Jan ruwan ne ya yi ɓarna a 2010 da 2012, har aka kwashe wasu iyalai aka ba su filaye a Seno. A Satumban 2020 kogin ya kai kimanin mita 7 a ma'aunin Yamai, madatsar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya mamaye Lamorde, Karaje da Kirkisoye, Saga ma ba ta tsira ba. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Birni a Damagaram ya rushe.

Ba bakin kogi kaɗai ba: ƙwarin Gunti Yena ya ratsa tsakiyar birni, kuma akwai unguwannin da ruwan ƙasa ya taso kusa har shadda ba ta shanyewa. Gidajen da ruwa ya kwana a cikinsu a waɗancan shekaru, da yawa an yaɓe su, an fente su, sun shiga hannun dillalai. Saboda haka mai hankali yakan je ganin gida washegarin ruwa mai ƙarfi, ya kuma zauna da mai shagon kusurwa da tsofaffin unguwa ya tambaye su inda ruwa ya tsaya a 2020. Gani ya kori ji, amma a wannan fanni jin ma yana da rana.

Abin da doka da fiƙihu suka tanada wa mai saye

Aya ta 1641 ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibin da ke hana a amfana da abin da aka saya. Aya ta 1644 ta ba mai saye zaɓi: ya mayar a ba shi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa. Amma aya ta 1642 ta ce aibin da ke bayyane, wanda mai saye zai iya gani da kansa, ba ya kan mai sayarwa. Aya ta 1643 ta yarda a rubuta cikin yarjejeniya cewa mai sayarwa ba ya ɗaukar alhakin aibin da shi ma bai sani ba, aya ta 1648 kuma ta ce a kai ƙara ba da jinkiri ba. Aya ta 1792 ta ɗora wa mai zane da ɗan kwangila alhakin ginin da ya rushe saboda aibin aiki ko na ƙasa har shekara 10, sai dai gidajen Yamai da yawa tasharon ne ya gina su, babu yarjejeniya a rubuce, babu taswira, wani lokaci ma ba a san inda yake ba.

Fiƙihun Malikiyya, wanda ƴan kasuwa suka sani a cinikin dabba da hatsi, shi ma ya ba mai saye damar mayar da kaya saboda tsohon aibin da aka ɓoye masa, ya kuma haramta algus. Neman masani a kan gardamar gini ma ba baƙon abu ba ne. A birnin Tunis an yi wani magini, Ibn Rami, wanda ya rasu a 1334. Alƙalai kan aike shi ya dubi bangon da ake jayayya a kansa ya kawo musu bayani, ya kuma tattara hukunce-hukuncen gini da haƙƙin maƙwabtaka a littafi guda. A ƙasar Hausa, sarkin magina ne ake kira ya duba in gini ya kawo saɓani.

Duk da haka, shari'a bayan ciniki doguwar hanya ce, mai cin kuɗi da lokaci, albashi kuwa ana ta cirewa. Rahoton da aka yi kafin biya yana ba mai saye abu uku da zai zaɓa: ya fasa, ya nemi ragi daidai da kuɗin gyara, ko ya sa a gyara kafin ya sa hannu.

Wajibi ne kuma a tuna cewa injiniya bango yake dubawa, ba ya duba mallaka. Binciken takardu aikin noter ne: ko takardar fili ta gaskiya ce, ko an jinginar da gidan a banki, ko gidan gado ne da sai dukan magada sun yarda, ko an taɓa sayar wa wani. Tun 2006 akwai takardar mallaka mai sauƙin samu wadda aka laƙaba wa suna Sheda. Gida mai ƙarfi bisa takardar jabu hasara ce, haka ma takarda mai kyau bisa gidan da ke nutsewa.

Inda suka rabu da inda suka haɗu

Takardun biyu sun yi kama a ido, domin kowace tana ɗauke da hotunan bango da ma'aunin tsaga. Amma konsta ana yin ta a gidan wani, rahoton saye kuwa a gidan da mutum ke son ya zama nasa. Konsta mai gini ke biya, rahoto mai saye ke biya. Konsta tana faɗin abin da ke nan a ranar, ba ta hukunci. Rahoto yana faɗin dalili, da abin da zai biyo baya, da kuɗin gyara. Konsta ana ajiye ta ne don ranar gardama, wadda mai yiwuwa ba za ta zo ba. Rahoto ana aiki da shi nan take a teburin ciniki.

Saboda haka wanda ya kai wisiye gidan da zai saya, ya fito da takarda mai hatimi yana murna, bai san ko dal za ta ɗauki hawa ba; ya dai samu shaidar abin da ido ke gani, wanda doka ta riga ta ce ba ya kan mai sayarwa. Haka nan mai ginin da ya dogara da rahoton da maƙwabcinsa ya yi shekara 5 da suka wuce, lokacin da ya sayi gidansa, bai riƙe komai ba, domin bango na iya tsagewa a tsakanin, kuma rahoton ba a gabansa aka yi shi ba.

Akwai inda ake bukatar duka biyu. Ɗan kasuwar da ya sayi gida don ya ɗora masa bene yana bukatar rahoto kafin ya biya, da konsta kafin ya tona. Wanda zai sayi gida jikin shantiye ya tambayi mai sayarwa ko an yi konsta, ya karɓi kofinta, domin ranar da bango ya buɗe shi ne zai tsaya gaban mai benen.

A wasu ƙasashe an mayar da waɗannan abubuwa doka. A Ingila, dokar 1996 ta tilasta wa mai tona rami a cikin tazarar mita 3 daga ginin maƙwabci, in ramin ya fi harsashinsa zurfi, ya sanar da shi a rubuce, kuma masanan da ake naɗawa sukan fara da rubuta halin da gidan ke ciki. A Faransa mai sayarwa ne ke kawo rahotanni a kan dalma, da gara a yankunan da take, da tsofaffin wayoyin wuta da bututun gas. Amma ko a can rahotannin ba su tabbatar da ƙarfin ginin ba, mai saye ne ke neman nasa masani. A Yamai kuwa, bisa yadda ake ciniki, wanda bai nema ba babu mai kawo masa.

Kunya da kuɗi

Abu biyu ke hana mutane. Na farko kunya: a idon jama'a, shigar wisiye gida alama ce ta rigima, kuma maƙwabcin da aka yi shekara 30 ana suna da jana'iza tare yana iya ɗaukar abin a matsayin rashin yarda. Maganin wannan shi ne mai gini ya fara zuwa da kansa, tare da mai unguwa ko limamin masallacinsu, ya bayyana cewa takardar kariya ce ga mai gidan kafin ta zama kariya gare shi, ya kuma yi alkawarin ba shi kofi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma zumuncin da ake tsoron ɓatawa da takarda, rashinta ne ya fi ɓata shi.

Na biyu kuɗi. Mutumin da ya yarda ya biya dillali la'ada, ya biya rajista, ya yanka rago ranar tarewa, shi ne kuma zai ga kuɗin injiniya sun yi yawa, alhali ba su kai kuɗin sake zuba dal ɗaya ba. Dillali kuwa, komai kirkinsa, sai ciniki ya faɗa yake samu, don haka ba shi ne zai nuna tabon danshi ba, ba kuma shi ya kamata ya zaɓo masanin ba.

Wanda ƙarfinsa bai kai ga wisiye ba, kada ya zauna hannu sake. Ya ɗauki hoton kowane bango da wayar salula, da ma'auni a jikin tsagar, a gaban maƙwabci da shaidu 2. A wanke hotunan, a rubuta rana, kowa ya sa hannu, a ba mai unguwa kofi ɗaya. Ba ta kai konsta nauyi ba, amma ta fi rantsuwa. Wanda kuma bai iya ɗaukar ofishin bincike, ya nemi tsohon magini amintacce wanda ba shi da rabo a cinikin, ya biya shi ladan yininsa, su hau rufi tare, su leƙa shadda. In mai sayarwa ya ce ba a hawa rufinsa, ko ya ce akwai wani mai saye da ke jira da kuɗi a hannu sai an biya yau, to mai saye ya riƙe kuɗinsa har damina ta sauka, ya dawo ya ga gidan a cikin ruwa.